Kafin ka sayi ɗan karen nan Jack Russell

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu ja hankalin masu sayen ɗan farin karen nan, Jack Russell, a nan Kaduna. Da yawa suna ɗaukarsa karen ado saboda ƙanƙantarsa, alhali mafarauci ne tun asali.

Sunan wani limamin coci ne na yankin Devon a Ingila, John Russell, wanda ya sayi wata karya a 1819 yana ɗalibi a Oxford, daga gare ta ya fitar da irin. Aikin karen shi ne ya bi yanyawa cikin rami, ya yi ta haushi har ta fito fili. Shi ya sa aka so shi fari, kada mafarauta su rikita shi da abin farautar. Tsayinsa santimita 25 zuwa 38, nauyinsa kilo 6 zuwa 8. In za ka saya, ka zagaye ƙirjinsa da hannu biyu ta bayan ƙafafun gaba. In yatsunka ba su haɗu ba, ya yi wa rami kauri.

A wurinmu amfaninsa yana ga ɓera da gafiya, a siton masara ko gonar kaji. Amma a nan ne ake tafka asara. Wanda ya ajiye shi dole ya daina zuba maganin ɓera, domin karen zai ci gubar ko ya ci ɓeran da ya sha ta. Yawancin irin wannan guba hana jini daskarewa take yi, kuma ba ta nuna alama sai bayan kwana 3 zuwa 5: kasala, dasashi ya yi fari, jini a hanci ko kashi. A garzaya wurin likitan dabbobi, maganinta bitamin K1 ne. Kada kuma a bar shi ya cusa kai a ramin da ba a sani ba, kububuwa da gamsheƙa ma a rami suke fakewa. 'Yan tsaki kuwa, a wurinsa nama ne kawai, sai a raba su da waya.

Ɗan kwikwiyo yana karɓar allurar rigakafin fabo (cutar amai da gudawa ta karnuka) daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. In ya girma, maganin tsutsar ciki duk wata 3, a riƙa duba kunne da tsakanin yatsu saboda kaska.

Wanda ba shi da aikin da zai ba karen, ko awa guda ta gudu kullum, gara ya haƙura. In an ɗaure shi zai dami maƙwabta da haushi, in an sake shi a tsakar gida ya tone gindin katanga ya fice. A zafin Maris da Afrilu a fita da shi da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa.

Naku,
Wasu masu kiwon karnukan farauta, Kaduna