Sanarwa ga ƴan rukunin manoman riɗi da zoɓo

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a ƙofar gidan Mai unguwa, matasanmu su koya mana amfani da WhatsApp Business.

Tun 2018 aka fito da manhajar, kuma kyauta ce. Kana jera hoton kayanka da farashi, dillalin Dawanau ya gani daga inda yake, ku gama ciniki ba ka biya kuɗin mota ba. Masu dabbobi a Maigatari tuni suka koma tura bidiyon raguna a Facebook da TikTok. Wallahi yana damuna mu ne a baya, alhali kayanmu na da kyau.

Iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli, ku ma ku zo. Kowa ya cika cajin wayarsa.