Bakin Kogin Kaduna: A Yi Mana Wurin Zama, Amma Kada A Kori Masu Lambu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan kogin da garinmu ya ci sunansa.

Kwanakin baya da yamma, bayan la'asar, na biyo sabuwar gadar nan da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, wadda aka gina a zamanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i. Sai na tarar da mutane jingine da ƙarfen gadar suna kallon ruwa. Wani magidanci ya ajiye babur ɗinsa a gefe, ya ɗaga ɗansa sama don ya ga kwale-kwale. Wasu 'yan mata suna ɗaukar hoto, motoci na wucewa da gudu a bayansu. Na tsaya ni ma. Abin da ya zo mini a rai shi ne, duk waɗannan mutane kogi suka zo gani, kuma duk faɗin Kaduna ba su sami inda za su tsaya su gan shi ba sai kan titi.

Shekarata 40 da 'yan kai a garin nan. Na zo ina saurayi na kama aiki a wata masaƙa a Kakuri, na yi aure a Tudun Wada, yanzu ina zaune a Kabala. A tsawon wannan zama na lura Kaduna baya ta juya wa koginta. Duba gidajen da ke gaɓa, ƙofarsu titi take kallo, kwatarsu da bolarsu kuwa kogi. Alhali albarkacin ruwan nan da layin dogo Turawa suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Kogin daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa mu, ya je ya juya injinan lantarki a Shiroro kafin ya faɗa Kwara. Ruwan famfon da ake tacewa a Malali daga cikinsa ake ja. Kadojin da suka ba garin suna dai sun yi ƙaura, mu ne muka rage da shi.

Wuri ɗaya da aka taɓa tunanin talaka zai zauna a bakin ruwa shi ne Ƙofar Gamji, wadda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. Duk ɗan Kaduna na zamaninmu yana da hoton Sallah da aka ɗauka a kan 'yar gadar Lugga da aka ciro daga Zungeru aka kafa a can. Ni ma a nan na fara kai uwargida yawo, tana ta jin kunya kada wani ɗan unguwarsu ya gan mu. To amma Gamji ɗan yanki ne, kuma garin da aka yi wa shi ya ninka kansa ban san sau nawa ba.

Shawarata ga gwamnatin jiha da hukumar tsara birane ta KASUPDA ita ce a keɓe gaɓar kogin, hagu da dama, ta zama filin jama'a. A fara da abin da za a iya: daga Gamji zuwa gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello. Hanyar ƙafa mai faɗi, inuwa, wurin zama, fitilun sola, banɗaki mai ruwa, wurin alwala da salla, filin ƙwallo na ƙasa wanda yara za su buga ba tare da sun biya kowa ba. Ba wani abin a-zo-a-gani nake nema ba.

Na ce hagu da dama ne da gangan. Kowa ya san rikicin addinin da ya faru a Fabrairun 2000 da Nuwamban 2002, kuma kowa ya san yadda garin ya rabu bayan haka. Musulmi suka tattara suka koma arewacin kogi, Kirista suka koma kudu, har wasu cikin raha mai ɗaci suke kiran arewacin Makka, kudancin kuma Kudus. Abokan aikina na masaƙa da muke cin tuwo kwano ɗaya, Bajju da Atyap da Gbagyi da Yarbawa, yau sai a wurin jana'iza ko layin tantance 'yan fansho muke haɗuwa. Jikokina ba su san jikokinsu ba. An yi tarurrukan zaman lafiya a otal-otal ba adadi, an ci abinci an watse. Ni a ganina yaron Unguwar Rimi da yaron Barnawa su saba buga ƙwallo a fili ɗaya kowace Asabar ya fi taron otal goma amfani. Kogin da ya zama iyaka shi ne kaɗai wurin da ba na kowa ba, don haka shi ne wurin da kowa zai iya zuwa bai ji ya shiga unguwar wasu ba. Idan aka gyara gaɓa ɗaya aka bar ɗaya, an ƙara wa rabuwar ƙarfi ne.

Sai dai ina da tsoro, kuma tsoron ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mun san yadda irin wannan aiki yake ƙarewa a ƙasar nan. A zana hoto mai kyau a kwamfuta, a turo motar rusau, a kewaye wurin da katanga, a sa geti da mai yankan tikiti, sannan abin da ya saura a yanka shi fuloti-fuloti a raba wa manya. Bayan shekara biyu sai ka ga otal da wurin biki inda aka ce za a dasa itatuwa. Magidanci mai 'ya'ya shida ba zai biya kuɗin shiga na mutum takwas don ya sha iska ba. Zai koma kan gada.

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A birnin Ahmadabad na ƙasar Indiya an fara gyaran gaɓar kogin Sabarmati a 2005, aka soma buɗe wa jama'a a 2012. Wurin ya yi kyau a hoto, shugabannin ƙasashe ma ana kai su can. Amma dubban iyalai da ke zaune a gaɓar aka tasa, aka kai da yawansu bayan gari nesa da inda suke neman abinci, sai da magana ta kai babbar kotun jihar Gujarat a kan sake tsugunar da su. An kuma ɗaure kogin tsakanin bangayen kankare biyu kamar babbar kwata. Wanda zai kawo mana irin wannan tsari, ya riƙe abinsa.

Domin gaɓar kogin Kaduna ba kango ba ce. Duk wanda ya sauka can da rani zai ga lambuna shar: alayyafo, latas, kabeji, yakuwa, tumatir, albasa mai lawashi, masarar rani. Kayan miyan da matanmu ke saye da safe, wani daga nan yake fitowa. Akwai masunta da komarsu, akwai masu fito da ke tsallakar da mutane a kwale-kwale, akwai masu wanki da ke shanya a kan duwatsu, akwai masu rainon dashen furanni da itatuwa. Waɗannan mutane sun riga kowane mai zanen taswira sanin inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta da inda ba ya kaiwa. Me zai hana lambunan su zama cikin tsarin? Hanyar ƙafa ta bi ta gefensu, a ba masu su takardar izinin noma ta shekaru, a yi musu rumfunan sayar da ganye a nan take. Yaron birni da bai taɓa ganin yadda karas ke fitowa daga ƙasa ba ya gani. Mai fito a yi masa matsaya mai kyau, a tilasta rigar ruwa, ya riƙa ɗaukar masu yawon buɗe ido ya ƙara samu. Mai shayi da mai tsire da mai ƙosai a ware musu wuri, kada a ce sai mai shago mai gilashi.

Masu ɗibar yashi kam dole a zauna da su. Gari na buƙatar yashi, su ma da iyali, amma ramukan da ake bari a cikin ruwa su ne ke cin yara masu wanka, kuma gaɓa na zaizayewa. A ware musu inda za su ɗiba da hanyar da tifa za ta bi, nesa da inda yara ke wasa.

Sai batun ambaliya, wanda a nan ne nake ganin hujjar aikin ta fi ƙarfi. Wanda ya ga ruwan 2003 da na 2012 ba ya buƙatar a yi masa bayani. Kusan kowace damina sai mun ji Kigo Road da Bashama Road da Rafin Guza a rediyo, a kai buhunan shinkafa da katifu, shekara ta zagayo a sake. Fadama wurin kwanan ruwa ne, mu ne muka je muka yi gini a ɗakinsa. Filin ƙwallo idan ruwa ya shanye shi sati biyu, ba wanda ya yi asara, da ya janye sai a share a ci gaba da wasa. Gida kuwa idan ya shanye, wahalar shekara ashirin ce ta tafi. Saboda haka duk abin da za a sa a ƙasa-ƙasa ya zama wanda zai jure nutsewa: benci na kankare, ciyawar jema da gora masu riƙe ƙasa, itatuwa irin su giginya da maɗaci da mangwaro. Gini mai rufi a hau da shi tudu. Waɗanda kuma suke zaune a hanyar ruwa da takardunsu na gwamnati, a biya su diyya ta gaskiya kafin a taɓa bulo ɗaya, don ba su suka ba kansu takardar ba.

Akwai abin da ni ma ina da hannu a ciki. Lokacin da masaƙu ke aiki, mun sha ganin rafin Makera yau ja, gobe shuɗi, gwargwadon rinin da aka yi a ranar, kuma duk kogi yake zuwa. Ba mu ce komai ba, albashi muke jira. Masaƙun sun mutu, amma kwatocin unguwanni da jinin mahauta da baƙin mai na garejoji da ledar ruwa sun gaje su. Ba wanda zai shimfiɗa tabarma kusa da wari. Kafin a sayi fitila ko ɗaya, hukumar kare muhalli ta KEPA ta bi manyan magudanan da ke zuba a kogin, a sa musu ragar tare shara, a samar da inda mutanen gaɓa za su zubar da tasu. Haka batun tsaro: wuri mai duhu da ba kowa shi 'yan shaye-shaye ke so. Inda mai shayi ke kunna wuta har goman dare, mata na zirga-zirga, ba sa zama.

Abu na ƙarshe, ranka ya daɗe, aikinku ne na 'yan jarida. Hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye na jihar nan. Ku tura wakilinku ya nemi a nuna wa jama'a taswirar gaɓar kogin daga Malali zuwa Nasarawa: ina ne har yanzu yake hannun gwamnati, ina ne aka riga aka bayar, kuma yaushe. Idan ya tashi zuwa, ya biyo ta Kabala da sassafe, zan raka shi wurin masu lambu, amma ya sa takalmin da ba ya jin tausayinsa.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin masaƙa,
Kabala, Kaduna.