Kafin a sa babban inji, a auna gishirin rijiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan rijiyoyin burtsatse da ke komawa zartsi, don na daɗe ina sana'ar haƙa su, daga Borno har Legas.

A Lekki, wata unguwa a bakin teku a Legas, na taɓa haƙa wa wani Alhaji rijiya. Ruwa ya fito garau, muka sha, muka yi alwala. Na ce masa ƙaramin inji zai sa. Da ya ga na maƙwabcinsa babba ne, shi ma ya sayo babba, yana sayar wa masu tanka dare da rana. Kafin damina biyu sabulu ya daina kumfa, bakin famfo ya ci tsatsa, shayi ya ƙi shayuwa. Ya kira ni yana faɗa, wai na cuce shi.

Wallahi ban cuce shi ba. Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi: lita 1,000 ta ruwan daɗi kilo 1,000 ce, ta teku kuwa kusan 1,025. Shi ya sa a gaɓar teku, a ƙarƙashin ƙasa, ruwan daɗi yake kwance a kan na gishiri, kamar mai a kan miya. Kowace mita 1 da ruwan daɗin ya ɗara teku tsayi, tana danne gishirin kusan mita 40 ƙasa. In injinka ya yi ta zuƙa har ruwan ya sauka, sannu a hankali gishirin nan zai taso ya iske bakin bututunka. In kuwa ya shiga, fitarsa sai an yi shekaru.

Zafi ma da nasa. A Maiduguri, rijiyar da ta kai mita 500 da ɗumi ruwanta ke fitowa, domin ƙasa na ƙara zafi kusan digiri 3 a kowace mita 100. Ruwan ɗumi bai kai na sanyi nauyi ba, ya kuma fi shi saurin ratsa yashi.

Abin da ke damuna shi ne, na sha ganin injiniya ya zo da lissafin kwamfuta mai nuna inda ruwan ƙasa zai bi, amma ya ɗauki ruwan duk nauyinsa ɗaya. A bakin teku wannan lissafi zai ce rijiya lafiya lau, alhali gishiri na tafe.

Ina roƙon hukumomin ruwa na jihohi su wajabta auna gishiri da zafi a kowane zurfi kafin a sa inji, a rubuta, a miƙa wa masu lissafin. Na'urar awon ba ta fi tocila girma ba, tawa a aljihu nake yawo da ita.

Naka,
Tsohon mai haƙa rijiya, Maiduguri