Takardar Koke ga Mai Martaba Sarkin Zangon Kumasi Kan Tarihin Waɗanda Suka Fara Sauka a Zango

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma gare ka, da 'yan majalisarka, da limamai da sarakunan ƙabilu na Zango, mu 'ya'ya da jikokin tsofaffin gidaje na Tsohon Zango, Yalwa, Sabon Zango, Aboabo da Asawase muke kawo kukanmu gabanka. Tarihin waɗanda suka fara sauke kaya a garin nan yana salwanta muna kallo. Dattawan da suka ji shi daga bakin iyayensu sai raguwa suke yi, takardun da aka bari kuma gara da ruwan sama da gobara suna cinye su.

Ranka ya daɗe, Musulmi ba baƙin jiya ba ne a Kumasi, babban birnin Asante a ƙasar Gana. A 1817 wani Bature mai suna Bowdich ya zo garin nan, a 1820 wani kuma, Dupuis, ya biyo bayansa, a zamanin Asantehene, wato sarkin Asante, Osei Bonsu. Dukansu sun tarar da malamai zaune kusa da fada, suna karantar da yara, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna yi wa mayaƙansa layu. Babbansu shi ne Muhammad al-Gamba, wanda ake kira Baba, mutumin Gambaga. Wasu daga cikin takardun malaman wancan zamani suna nan har yau a ɗakin karatu na sarauta da ke Kofenhagen, ƙasar Danmak, an adana su da kyau, mu kuwa da muke zaune a inda aka rubuta su yawancinmu ko labarinsu ba mu taɓa ji ba. Muna so a faɗi gaskiya a nan: akasarin waɗannan malamai ba Hausawa ba ne, mutanen Gwanja ne da Dagwamba da Mamprusi da Wangarawa. In za a rubuta tarihin Zango, kada a mai da shi na ƙabila ɗaya.

Hausawa goro ya kawo su. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da gabu da baƙin yadi da kayan fata, a haye Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanne Mango da Yendi, sai an yi watanni kafin a ga Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. A can ake tsayawa, domin an yi zamanin da sarakunan Asante ba sa barin fataken Arewa su shigo kurmi. Mutanen Asante ne ke kai goro Salaga, a yi ciniki, kowa ya koma inda ya fito. Abin ya sauya bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, Salaga ta fita daga hannun Asante. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salagar kanta, fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo. Da Turawa suka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya a 1896, aka kuma gama yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranci Asante a kan Turawa a 1900, ƙofar Kumasi ta buɗe. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903. Sai ga dillalan goro, da masu koro shanu, da mahauta, da malamai da almajiransu, da Mosawa masu neman aikin koko. Wanda ya riga zuwa shi ne mai gida, ya sauki baƙo, ya tsaya masa a ciniki, ya ajiye masa kuɗi. A kan wannan amana aka gina unguwannin da muke ciki.

Akwai ɓangaren da wasu ba sa son a taɓo, mu kuwa muna ganin ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Cikin waɗanda suka zauna akwai tsofaffin sojojin da suka shigo tare da Turawa, waɗanda ake kira Hausa ko da mutum ba Bahaushe ba ne. Gara yaranmu su ji wannan daga bakinmu, tare da sauran labarin, da a jefe su da shi a waje ranar rigima.

Rashin rubutu ya taɓa cutar da mu. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta yi doka ta musamman ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, manyan Musulmin Kumasi, zuwa Nijeriya, alhali suna cewa su 'yan ƙasar nan ne. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Gidaje da yawa a Zango sun rabu, an sayar da dukiya a wulaƙance, wasu da aka haifa a nan suka tafi ƙasar da ba su taɓa takawa ba. Har yau yaro yakan je neman katin ɗan ƙasa a tsare shi da tambayar garin kakansa, ya rasa abin nunawa, ko da kabarin kakan yana cikin Kumasi.

Yanzu kuma tsofaffin gidaje ake sayarwa. Magada sun yi yawa, fili ya yi tsada, sai a rushe zaure a kafa bene da shaguna. Ba mu ga laifin magada ba, kowa da buƙatarsa. Abin da ke damunmu shi ne akwatin kaka da ake fitarwa ranar rushewa: kundaye a cikin gafaka, wasiƙun ajami, takardun fili, hotunan Hajji. Wani ya ga rubutun Larabci ne, ya ji tsoron a taka, ya ƙone ko ya binne.

Don haka muke roƙon Sarki ya naɗa kwamiti ƙarami, da malamai masu karanta ajami, da matasa masu iya kwamfuta, da mata, domin tsofaffin mata su suka fi riƙe wa ya auri wa da wa ya haifi wa. Su bi gida-gida su ɗauki muryar dattawa tun suna da rai. Wannan ya fi komai gaggawa, kuma wayar hannu ta isa a fara. A yi sanarwa a masallatan Juma'a cewa kada wanda ya ƙone ko ya binne takardar gado sai kwamiti ya gani. A ɗauki hotonta a mayar wa mai ita. Ba wanda za a karɓe wa kayan kakansa. Cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta daɗe tana tara rubuce-rubucen Larabci na ƙasar nan, in wasiƙa ta fito daga fada muna sa ran za su koya wa yaranmu yadda ake adanawa.

Muna kuma roƙon Sarki ya kai maganar Manhyia, fadar Asantehene. A 2024 mun ga yadda Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya karɓi kayan zinariyar da aka kwashe a 1874, wasu daga Amurka, wasu aro daga Ingila. Sarkin da ya tsaya haka a kan kayan kakanninsa zai gane kukanmu. A nemi a ba tarihin Musulmin Kumasi wuri a gidan tarihi na fadar Manhyia, a kuma taimaka a samo kofen takardun Kofenhagen. Daga nan sai a yi magana da majalisun Kumasi da Asokore Mampong, in za a sa wa tituna suna a Zango a tuna da irin su Malam Sallau, mutumin Katsina, wanda ya riƙe sarautar Zango, da sauran waɗanda kwamiti zai tantance bayan ya ji ta bakin kowane gida.

Ɗaki ɗaya mai kyakkyawan rufi da ƙofar ƙarfe, a fada ko kusa da babban masallaci, ya isa a fara ajiya. Aikin yawo da rubutu mun ɗauka a kanmu, ba ma neman lada. Izinin Sarki da sanarwarsa muke jira, domin ba gidan da zai buɗe mana akwati sai ya ji daga fada.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara, ya jiƙan magabata. Wassalam.

Mu ne naka masu biyayya,
'Ya'ya da jikokin tsofaffin gidajen Zangon Kumasi