Babana, Ka Mayar da Farfelar Nan

Maiurno, Sudan, daren Laraba.

Babana, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Auta da abokan aikinka. Mu nan sai godiya, ban da ƙafar Innarku da ke tashi duk lokacin da sanyi ya shigo. Ruwa ya ja baya, an fara dashen albasa a bakin kogi.

Bayan haka, direban da ya kawo saƙonka ya zauna shan shayi a zaure, kuma ka san bakin direba. Shi a ganinsa yabonka yake yi. Wai duk masuntan da ke tashi daga Halfa, a bakin Tabkin Nuba, da asuba babu mai shan gabanka, tun da ka cire farfelar da injin jirginka ya zo da ita ka ɗaura mai lamba 15. Na yi dariya don kada ya gane. Da ya fita, tuwon da aka ajiye mini haka aka ɗauke shi.

Ɗauko tsohuwar, in ba ka riga ka sayar ba, ka goge gindinta ka karanta. Za ka ga 11 1/8 x 13. Lambar farko faɗin zagayen fukafukan ce, da inci. Ta biyu ita ce ta hana ni barci. Ita ce nisan da farfela za ta ci a juyi ɗaya, da a ce ruwa katako ne ita kuma sukuru. Mu taku muke ce masa tun zamanin kakanka. Inci 13 a juyi, ko 15. Kai ka ga 15 ta fi 13 yawa, ka ce ta fi ta gudu. Da safe, jirgi wayam, daga ku sai raga, gaskiya ce, za ta fi ta. Amma ka taɓa ganin ɗan dako da buhun dawa a ka yana taku irin na wanda zai je ɗaurin aure? Gajeren taku yake yi, da sauri-sauri. Ka tilasta masa dogon taku, gwiwa ce za ta ba shi amsa.

Injinka Yamaha ne mai doki 40, kuma a littafinsa an rubuta cewa idan aka buɗe masa wuta duka, juyinsa ya tsaya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti. Nan ne ƙarfinsa yake. Kowane inci ɗaya da ka ƙara wa taku yana cinye juyi 150 zuwa 200. Kai biyu ka ƙara, ka zubar da 300 ko 400 tun kafin ka ɗora kifi ko ɗaya. Sai yamma ta yi, ga giwan ruwa da karfasa, ga ƙanƙara, ga jarkokin mai, ga raga jiƙe sharkaf wadda ta ninka nauyinta na safe, ga ku huɗu. A nan injin ba ya iya kai juyinsa. Ka murɗe hannu har ƙarshe, shi kuwa sai gurnani, yana shan mai kamar rami, zafi na taruwa a kan fistin, baƙin toka na cika fuloga da zobba. Yau lafiya, gobe lafiya, har ka ce tsoho surutu ne da shi. Ranar da zai tsaya kuwa ba zai yi maka sallama ba.

To a ina zai tsaya? Wannan ita ce tambayar da nake kwana da ita. Ba a bakin gaɓa zai tsaya ba, don a bakin gaɓa ba a matsa masa. A tsakiyar tabki zai tsaya, da la'asar, lokacin da iskar arewa ta taso kana ƙoƙarin riƙe hancin jirgi a kan igiyar ruwa. Tabkin Nuba ba kogin Maiurno ba ne. A nan in inji ya mutu, ruwa zai gangara da kai har ka kama reshen bagaruwa, yara su gan ka daga tudu su yi ihu. A can wa zai ji ihunka? Duwatsu ne da yashi da kadoji. Inji na mutuwa jirgi zai juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙari, kuma naka na ƙarfe ne, maƙare da kaya. Igiya biyu, uku. Ka san ba labari nake ba ka ba. Kana shekara tara aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Kawunka, kai ne ka yi ta zagayawa da buta.

Kuma Auta yana cikin jirgin. Ni na ba ka shi da hannuna, Innarku tana kuka tana cewa a bari ya ƙara shekara. Na ce mata yana hannun yayansa. Yanzu in ce mata me? Cewa yayan nasa tsere yake yi da 'ya'yan mutane don a ce da shi gwani a wurin shan shayi? Gonar bakin kogi da aka sayar aka sayi injin nan, ta tsere ce? Kai ba yaro ba ne, ka kusa aje iyali, amma wannan aikin yarinta ne, kuma wanda ya sayar maka da ita ya ga yarinta a fuskarka ne shi ya sa ya ɗauko maka ita daga ƙasan teburi.

Na san har yau kana riƙe da ni kan shekaru ukun da na hana ka kama hannun inji, kana kwarfar ruwa ƙannen abokanka suna tuƙi. Ba ƙiyayya ba ce. Ni ma na taɓa ƙone inji, ƙarami mai doki 15, a ƙasan madatsar Sinnar, kuma da irin wannan wayon naka na ƙone shi. Kakanka bai ce mini uffan ba, filafili kawai ya miƙo mini, na yi damina guda ina tuƙi da hannu. Ban so ka koya ta wannan hanyar ba, shi ya sa na tsananta. Wataƙila na wuce gona da iri. Allah Ya sani.

Yanzu ga abin da nake so. Ka nemi makaniken da ke da ɗan agogon nan mai ƙirga juyi, wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fuloga. Kada ka gwada da jirgi wayam, yaudarar kai ce. Ka loda shi kamar ranar da kasuwa ta yi kyau, ko da jarkokin ruwa ne a madadin kifi, mutanenka duka su shiga, ku fita da safe ruwa kwance. Ka buɗe wuta duka na ɗan lokaci ka karanta. In bai kai 4,500 ba, ka sauko da taku. A yadda na san nauyin jirgin nan, ban yi mamaki ba in 13 ɗin ma ta yi masa yawa, sai 12 ko 11. Amma kada tsorona ya sa ka zarce: in taku ya yi gajarta, jirgi wayam injin zai haura 5,500 yana ƙara kamar ana yanka shi, wannan ma kisa ne. Wadda ta tsaya cikin iyaka da kaya da babu kaya, ita ce taka.

Ka tsaya a kan ta alminiyom. Ta ƙarfe mai ƙyalli ta fi kyau a ido, ta fi daɗewa, amma ƙarƙashin tabkin nan tsaunuka ne da ruwa ya haɗiye, har da tsohuwar Halfa tun 1964. In ka daki dutse, ta alminiyom za ta lanƙwashe ta fanshi giya. Ta ƙarfe ita za ta tsira, sandar giya ta karye, kuma ka fi ni sanin kuɗin kayan gyara tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023. Ka riƙa tafiya da ta ajiya a cikin jirgi, da noti da 'yar ƙusar da ke kulle shi. Duk Juma'a ka kwance farfela ka duba bayanta, zaren raga yana naɗewa a nan ya yanke robar da ke tare ruwa. In ka ga man giya ya koma kamar nono, ruwa ya riga ya shiga.

Babana, ban raina ƙoƙarinka ba. Kuɗin da ka aiko sun iso, an biya na magani, an sayi buhu biyu. Innarku ta nuna wa duk matan unguwa atamfar, har na gaji da jin labarinta. Ba ta san zancen farfela ba, kuma ba zan faɗa mata ba.

Direban zai juyo ranar Asabar. Akwai kuka da daddawa da yaji a ƙullin shuɗin ƙyalle, rigar sanyin kuma ta Auta ce, ka tabbata ya sa ta. Idan ka canza, ka ɗauki hoton lambar a jikin injin ka turo ta wayar ƙanwarka. Ina so in karanta da idona.

Mahaifinka.