Edita, a shirin tarihin Ingila an manta waɗanda aka rushe wa gidaje

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya da ma'aikatanka. Na saurari shirinku na tarihi na makon jiya kan yadda hukumomin birane a Ingila suka yaƙi ƙazantar gidaje zamanin Sarauniya Biktoriya, gaskiya shirin ya yi daɗi, amma akwai inda ban yarda da baƙonku ba, wato yadda ya riƙa yabon rusau kamar shi ne maganin komai.

Mu ɗauki Liverpool, wanda yawancinmu ƙwallo kawai muka sani da shi. A 1847 birnin ya naɗa Dokta William Duncan likitan lafiyar gari, shi ne na farko a ƙasar, kuma abin da ya tarar ba daɗin ji, dubban talakawa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ba taga, daɓe a jiƙe, gidaje da yawa masai ɗaya, ga 'yan Ayilan da yunwa ta koro suna ta kwararowa a shekarar. Hukuma ta yi ta rufe ɗakunan nan, to amma ina mutanen suka nufa? Sai suka cushe a lungunan da ke kusa, cunkoso ya ƙaru, kuɗin haya ya hau. Sai 1869 majalisar birnin ta gina gidajen haya nata na farko, St Martin's Cottages, shekara ashirin da wani abu fa kenan.

Haka Birmingham, dokar 1875 ta ba majalisa ikon sayen unguwa ta rushe, Joseph Chamberlain yana magajin gari ya kawo shirin share tsakiyar birni, daga baya aka fitar da katafaren titin Corporation Street da kantuna, su kuwa waɗanda aka tasa an daɗe ba a gina musu komai ba. Wallahi wannan ɓangaren ya fi taɓa ni, don ina yaro an taɓa tashinmu daga gidan haya, ban manta mahaifiyata zaune kan ƙullin kayanta a bakin titi ba.

Batun wuraren aiki ma an wuce shi da sauri. Dokar 1867 ta ɗora wa hukumomin gari duba ƙananan wuraren sana'a, yawancinsu suka ƙi taɓuka komai, don da yawa cikin 'yan majalisar su ne masu gidajen haya da masu sana'o'in, har a 1871 aka karɓe aikin aka ba sufetocin masana'antu na gwamnatin tsakiya. A ganina abin da ya rage mace-mace shi ne ruwan famfo mai tsabta da magudanar ƙarƙashin ƙasa irin wadda injiniya Joseph Bazalgette ya gina wa Landan bayan warin kogin Thames na 1858, da kuma ma'aikacin da ke shiga gida-gida yana da ikon kai mai gida kotu. Irinsa ne Turawa suka kawo mana muke ce masa duba-gari, kakata har ta rasu tana ba da labarin yadda yake leƙa randa yana neman tsutsa.

Don Allah ku sake gayyato malamin, ku tambaye shi inda mutanen Liverpool ɗin nan suka kwana ranar da aka toshe musu ƙofa.

Naku mai sauraro kullum,
daga Tudun Wada, Zariya