A Riƙa Raba Mana Labari da Ra'ayi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na daɗe ina sauraron shirinku na safe da ake buɗe layi jama'a su bugo waya, kuma ƙaunar da nake yi wa shirin ce ta sa na ɗauki alƙalami. Sau da yawa mai bugowa yakan fara da "wai an ce", ya ɗora da abin da zuciyarsa ta raya masa, mai gabatarwa ya yi masa godiya a wuce, ba tare da an tambaye shi wa ya faɗa, a ina, ko yaushe ba. Mai sauraro da ke bakin murhu ko cikin shago ba shi da hanyar tantance abin da ya auku daga ganin mai magana, domin shi dai a rediyo ya ji.

Har yau ban manta da wani dare a watan Agustan 2014 ba. A ranar 20 ga Yuli ne Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, tsoro kuwa ya cika ƙasa. A wannan daren na Agusta, tun kafin kiran assalatu wayoyi suka shiga ƙara, kowa yana gaya wa ɗan'uwansa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai yana kare mutum daga cutar. Goggona ta tashe mu, ta juye gishirin miya a bokitin ruwan ɗumi, ta bi yara ɗaya bayan ɗaya tana cuɗa su, sannan ta shanye kofi guda, alhali tana fama da hawan jini. Allah Ya sa da sauran kwana a gaba, amma wasu a ƙasar nan sun kwanta asibiti, wasu ma sun rasu. Wanda ya kira ta ba maƙaryaci ba ne, masoyinta ne da ya ji ya yarda.

Abin da ya taƙaita cutar kuwa sananne ne. Dakta Stella Adadevoh ta hana Sawyer barin asibiti, ma'aikatan lafiya suka bi sawun duk wanda ya yi mu'amala da masu cutar har kwana 21, kuma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da ita, bayan mutum 20 sun kamu, 8 sun rasu, ciki har da likitar kanta.

Wanda ya ce gwamnati ba ta kyauta ba ra'ayinsa ya faɗa, kuma yana da haƙƙin a ji shi ko da an saɓa masa. Amma wanda ya ce gishiri yana maganin Ebola da'awa ya yi wadda ake iya gwadawa, don haka dole a nemi hujjarsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umurce mu da bincika labari, malaman hadisi kuma ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa.

Roƙona shi ne ku umurci masu gabatarwa su riƙa tambayar mai bugowa, cikin ladabi, ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, kuma idan an shiga sharhi a sanar cewa sharhi ne. Duk maganar da ta shafi magani ko rikici kuwa, a dakata da ita har wakilinku ya tabbatar.

Na gode,
Mai sauraronku daga Zariya